Daɓe Bisa Bakin Rami: Abin da Na Gani a Jidda

Ina roƙon a ba ni fili in yi magana a kan wani abu wanda ba a saba kawo shi gaban manya ba, watau ramin da ruwan ƙazantar gida ke gangarawa ciki. Mu muna ce masa sokawe, na bayan gida kuwa salga ko masai, mutanen Jidda su kuma bayyara su ke ce masa. Kada wani ya ce malamin makaranta ya rasa abin rubutawa. Littattafan da muka karanta a zaure, tun daga Ishmawi har Muhtasar, da zancen tsarki su ke buɗewa, wanda kuwa ya ke koya wa yara tsarki ya kamata ya san inda ruwan wankinsa ke zuwa.

Alhazanmu sun san Jidda ta sama, watau filin jirgi da bakin Bahar Maliya da kasuwar Balad inda a ke sayen tsaraba. Ta ƙarƙashin ƙasa ba kowa ya san ta ba. Gari ne shimfiɗe a kan fili, teku daga yamma, duwatsu daga gabas, kuma tun shekara ta 26 bayan Hijira, zamanin Sayyidina Usmanu ɗan Affan, ya zama mashigar Makka ta ruwa. Ba shi da kogi ko ɗaya. Ruwan sama bai cika zuwa ba sai 'yan kwanaki cikin watannin sanyi, saboda haka mutanen dā ba su yarda ko ɗigo ya ɓace musu ba. Sun gina ma'ajiyar ruwa a ƙarƙashin ƙasa, su na ce mata sahriji, abin da ya zubo daga rufi duk can ya ke taruwa, har yanzu kuwa akwai irinta a gidan Nasif, inda Sarki Abdul'azizu ya sauka a 1925. Zamanin Turkawa aka kawo injin tace ruwan teku wanda su ke kira kindasa. A 1947 aka jawo ruwan Ainul Aziziyya daga Wadi Fatima, a cikin shekarar nan kuma aka rushe ganuwar gari.

Da ganuwa ta faɗi sai gari ya ɓalle kudu da arewa da gabas. Ruwa ya yi ta shigowa ta famfo, amma hanyar fitarsa ba ta bi sawun gine-gine ba. Sai kowane mai gida ya haƙa bayyara a tsakar gidansa ko a ƙofar gida, in ta cika ya kira motar tanka, wadda su ke kira wayit, ta zuƙe. Shekara da shekaru ɗaruruwan motocin nan su na tafiya kullum su juye a wani kwari cikin duwatsun gabas, har wurin ya zama tafki. Mutanen gari, da ya ke ba su rasa ba'a, suka sa masa suna Tafkin Almiski. Tafkin nan kuwa ya fi gari tudu, madatsa ce kaɗai tsakaninsa da mutane. Sai a 2010 aka ƙafar da shi, bayan an ga abin da ruwa ya yi a shekarar da ta gabata.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya bar Kumasi tun ya na saurayi, ya zauna a unguwar Karantina cikin 'yan'uwanmu da a ke kira Takari, har gemunsa ya yi fari a can. Daga ƙarshen 2021 hukuma ta fara rushe tsofaffin unguwannin Jidda, fiye da 60, har da Gulail da Sabil da Hindawiyya da ita Karantina. Diyya ta 'yan ƙasa ce, baƙo sai dai ya kwashe kayansa. Kawu ya sami wani ɗan gida na ƙasa ya kama haya a gefen gari, wajen kudu maso gabas, inda bututun hukuma mai ɗauke ƙazanta bai kai ba tukuna. A nan na same shi a watan Oktoba na 2022, sa'ad da na je Umra na sauka wurinsa.

Gidan ɗaki uku ne da tsakar gida, su can hoshi su ke cewa. Tsakar gidan turɓaya ce da ɓaraguzan gini, a gefe guda kuma ga wani tsohon kankare mai tsaga, da guntun ƙarfe a kife bisa bakinsa an danne da bulo. Ita ce bayyarar gidan. Burin Kawu shi ne a zuba siminti daga bango zuwa bango, a shimfiɗa tayil mai sheƙi, a jera tukwanen ɗoɗɗoya da lalle, a kafa rumfa, a rufe bakin ramin nan ruf don kada baƙo ya ga alamarsa. Ya riga ya tara kuɗin. Mai gidan da aka tambaye shi ya ce a yi abin da aka ga dama, muddin ba a nemi ko sisi daga gare shi ba.

Wanda bai san Kawu ba sai ya ce tsoho ne ke son ƙawa. Ni da na zauna da shi na gane abin ya fi haka. A Karantina tsakar gidansa ita ce zangon mutanenmu. Alhajin da guzurinsa ya ƙare, da matar da fasfo ɗinta ya ɓace, da ɗalibin Madina mai jiran jirgi, duk a tabarmarsa su kan kwana, a can a ke ɗaura aure, a can a ke zaman makoki. Katafila ta zo ta share wannan duka cikin yini guda, abokan zamansa na shekara arba'in suka watse, wani Makka, wani Bahara, wani ya koma gida Nijeriya ko Nijar. Mutumin da aka yi wa haka, in ya ce ya na son wurin da zai shimfiɗa wa baƙo darduma ba tare da kunya ba, ba a yi masa dariya.

Wata rana bayan La'asar ya kira ni ya ce, "Malam ƙarami, zo ka yi mini aikin da aka kai ka makaranta dominsa. Wani maƙwabci ya ce mini in na daɓe kan ramin nan, duk sallar da aka yi a kai ba ta yi ba. Me littafinku ya ce?"

Na ce, "Kawu, a ba ni zuwa gobe." Ba don amsar ta yi nisa ba, sai don na ga tambayar ta na da ƙanne a bayanta.

Ga yadda mas'alar ta ke. Ibnu Abi Zaidin mutumin Ƙairawan ya lissafa a cikin Risala wuraren da aka hana salla, a ciki akwai juji da mahauta da tsakiyar hanya da gidan wanka wanda ba a tabbatar da tsarkinsa ba. Masu sharhi na mazhabarmu sun bayyana cewa dalilin hanin a irin waɗannan wurare shi ne najasar da ta yi galaba a kansu, in an amince daga gare ta salla ta inganta. A wani babi kuma ya yi izini ga majinyacin da ke kwance bisa shimfiɗa mai najasa ya rufa tufa mai tsarki mai kauri a kai ya yi sallarsa. To, in tufa mai kauri ta isa ta raba mai salla da najasa, ina ga kankare mai rodi da tayil a bisa? Shi maƙwabcin kuwa ba ƙarya ya yi ba, da mazhabar garinsu ya yi magana. A wurin Hambaliyya salla a makewayi ɓatacciya ce, kuma mashahurin zancensu shi ne rufin wuri ya na bin hukuncin abin da ke ƙarƙashinsa. Amma ko a cikinsu, Shaihu Ibnu Usaimin na Unaiza, wanda ya rasu a 2001, ya rinjayar da cewa salla bisa rufin bayyara ba laifi, a cikin sharhinsa na Zadul Mustaƙni'i. Wannan na kawo wa Kawu, don maganar malamin ƙasarsu ta fi saurin shiga kunnen maƙwabci bisa ga ta yaro ɗan Kumasi.

Kawu ya yi murna, ya ce to shi ke nan, gobe a kira magini. Na ce masa salla dai ta yi, amma sauran masu salla, a tambayi magini ko wurin zai ɗauke su.

Maginin wani dattijo ne mutumin Yaman. A Hijaz babban magini mu'allimu a ke ce masa, saboda haka duk sa'ad da Inna, matar Kawu, ta kira "Mu'allimu" sai mu waiwaya mu biyu. Bai yi magana da yawa ba da farko. Ya ɗauki guntun rodi ya bi tsakar gidan ya na ƙwanƙwasawa, inda ƙasa ta ke cike a ji ƙara a dunƙule, inda ta ke da rami a ji kamar ganga. Da haka ya zana iyakar bayyarar da ƙafarsa, sai ga ta ta fi tsohon kankaren faɗi da kusan kamu biyu ta ɓangare ɗaya, watau ƙasa ta riga ta zaizaye ta ciki. Ya kuma gano wani ƙaramin rami a kusurwa, cike da duwatsu, wanda aka yi tun asali don ruwan indararo, amma wani da ya zauna gidan kafin Kawu ya karkatar da bututun ya haɗa shi da bayyara.

Da zai ɗaga ƙarfen ya sa aka kwashe yara aka shigar ɗaka, ya hana kowa sunkuyawa, ya hana kunna ashana. Bayan an jima ya haska tocila ya nuna mini cikin rufin. Simintin ya yi laushi kamar alli, rodin ya fito fili ya yi jawur da tsatsa, wani ma ya tsinke. Ya ce wa Kawu da Larabci, "Ya Ammi, in na zuba maka sabon siminti a kan wannan, nauyi na ƙara masa. Zai yi kyau shekara ɗaya ko biyu. Ranar da zai tafi ba zai yi sallama ba."

Abin da ke cin rufin nan na bincika daga baya, ya kamata kuma samarinmu masu aikin gini su san shi. Ƙazanta in ta ruɓe inda ba iska ta kan fitar da gas iri biyu. Ɗaya mai kama wuta ne. Ɗayan shi ne mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, ya fi iska nauyi, don haka a cikin rami ya ke kwanciya. In ya taɓa damshin da ke jikin rufi sai ya rikiɗe ya zama asid, ya yi ta cin siminti daga ƙasa, inda ido ba ya gani, har ya kai ga rodi. A Jidda kuma ga gishiri, gama ruwan ƙasa ya na kusa ƙwarai, mai zartsi ne, gishiri kuwa abokin gabar ƙarfe ne. Mugun halin wannan gas shi ne in ya yi yawa ya kan kashe jin warin mutum, sai ya ga kamar wurin ya yi sauƙi, alhali a lokacin ne ya fi haɗari. Numfashi kaɗan mutum ya faɗi. Shi ya sa a kan ji mutum ɗaya ya faɗa salga, na biyu ya shiga ceto, na uku ya bi, a fito da gawa uku. A 2014 a titin Tahliya, cikin unguwar masu hali ta Jidda, wani yaro ƙarami ya faɗa irin ramin nan, ubansa ya bi shi, dukansu biyu suka rasu. Allah ya ji ƙansu.

Game da rufe baki kuwa, mu'allimu ya ce ko an ninka masa kuɗi ba zai yi ba. Bayyara rami ne mai bango da ƙofofi-ƙofofi, gindinsa ba siminti, don ruwa ya tsotse cikin ƙasa. Da tafiya ta yi tafiya maiƙo da sabulu da laka su kan toshe ƙofofin, ta daina sha, dole a kira mota. Ranar da ta cika cikin dare ruwa ya komo ta makewayi, in ba baki sai a fasa tayil ɗin da guduma, kuma wanda zai fasa bai san inda zai sara ba, watakila ma a kan rufin ya ke tsaye. Ya ce ya sha ganin gidan da mai shi ya mutu, 'ya'ya suka sayar, wanda ya saya bai san akwai rami ba har ranar da ƙafar motarsa ta burma.

Kawu ya yi shiru, ransa bai so ba. Ya ce shi ba ya son baƙo ya na cin abinci ya na kallon murfin masai. Inna ce ta warware wannan daga bakin ƙofar kicin. Ta ce, "Alhaji, baƙon da ya zo daga zango bai taɓa ganin murfi ba? A ɗora masa tukunyar lalle. Ni tambayata, in an shafe ko'ina da siminti, ruwan wankina ina za shi? Na sama kuma ina za shi?"

Wannan ita ce tambayar da na ke jira, ga shi ta fito daga bakin wadda ba ta karanta Muhtasar ba. Tsakar gidan turɓaya, duk muninta, ta na shan ruwa. In an daɓe ta ba ta shan ko cokali, duk abin da ya zubo dole ya nemi hanya. In an sake shi cikin bayyara sai ta cika ta yi ambaliya da abin da ke cikinta. In an sake shi ta rariya zuwa lungu, ƙofar maƙwabcin Kawu ta fi tamu gangare. A nan ne fiƙihu ya sake shigowa ta wata ƙofa, gama malaman Malikiyya sun yi dogon bincike a kan haƙƙin maƙwabtaka, su na gina shi bisa hadisin hana cuta wanda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa. Ibnu Asim na Garnaɗa ya ware masa babi a Tuhfa. Akwai kuma wani magini a Tunis cikin ƙarni na 8 na Hijira, Ibnur Rami, wanda alƙalai su kan aika ya duba rigimar gini, ya rubuta littafi sukutum a kan hukuncin gine-gine, ya yi zancen haƙa masai kusa da bangon maƙwabci, da magudana, da indararo. Sun rarrabe ruwan sama da ruwan ƙazanta, na farko an sassauta a sake shi bisa hanya, na biyu an hana. Ina mamakin yadda mu ke haddace babin alwala, wannan babi kuwa ko a wa'azi ba a cika jinsa ba, alhali rabin ƙarar da ke zuwa gaban mai unguwa a kan kwata ne.

Akwai wani abu kuma da ya dame ni, shi ne tankin ruwan sha. A Jidda gidaje su na da tanki a ƙarƙashin ƙasa, na Kawu kuwa taku kaɗan ne tsakaninsa da bayyara. A mazhabarmu ruwa ya na nan da tsarkinsa muddin launinsa ko ɗanɗanonsa ko warinsa bai sāke ba. Wannan hukuncin alwala ne, kuma daidai ne a wurinsa. Amma ƙwayar cutar da ke sa zawo ba ta da launi, ba ta da wari. Ruwa ya na iya halatta a yi salla da shi ya kwantar da yaro asibiti. Masu aikin tsafta su na cewa a bar mita 30 tsakanin salga da rijiya, a Ingila kuma dokar gini ta ce a nisanta ramin ruwan sama mita 5 daga gini. Wa ke da wannan fili a zango, ko a bayan garin Jidda? Abin da aka iya shi ne aka kwashe tankin, aka yi masa sabon shafe ta ciki.

Ƙarshe dai ga abin da aka yi. Aka kira wayit ta zuƙe ramin, aka fasa tsohon rufin daga gefe, ba wanda ya shiga ciki. Aka gyara bakin da ya zaizaye, aka zuba sabon kankare mai rodi wanda ya zarce bangon ramin ta kowane ɓangare ya zauna bisa ƙasa mai ƙarfi, aka sa murfin ƙarfe mai kwaɗo daidai da daɓe. Aka kafa bututun numfashi ya bi bango ya wuce rufin ɗaki, aka ɗaure bakinsa da raga saboda sauro, gama tun 1994 zazzaɓin dengi ya bayyana a Jidda. Aka raba ruwan indararo da bayyara, aka mai da shi ramin duwatsunsa. Maimakon tayil mai sheƙi aka jera bulon daɓe bisa yashi, ba siminti, yadda za a iya cire shi a mayar, aka karkata shi kaɗan, wajen yatsa guda a kowace mita, zuwa ga ramin duwatsu. Gefen bango aka bar tsiri guda na tsakuwa, a nan aka jera tukwane. Inna ta so a dasa darbejiya, mu'allimu ya hana, ya ce saiwarta za ta bi damshi ta fasa bangon ramin. Dakalin salla kuwa aka gina shi can nesa da ramin, jikin bangon gabas. A Jidda ma alƙibla gabas ta ke, kamar a gida, don haka bakinmu bai sha wahalar sāke kalma ba.

Kuɗin Kawu duk suka tafi a ƙarƙashin ƙasa, rumfa sai da tsohon tamfol aka yi ta. Ya yi kwana biyu ya na ce mini, "Malam ƙarami, kai da ɗan'uwanka mu'allimu kun cinye mini tayil."

Ranar Alhamis 24 ga Nuwamba 2022 aka tashi da hadari. Tun dare hukuma ta ba da sanarwar rufe makarantu. Daga ƙarfe 8 na safe zuwa 2 na rana ma'aunin hukuma ya nuna milimita 179 a kudancin gari, jirage suka yi jinkiri, aka rufe hanyar Makka na ɗan lokaci, mutum biyu suka rasu. Bari in yi lissafin makaranta. Milimita ɗaya bisa murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufin Kawu da tsakar gidansa sun kai murabba'in mita 100, watau lita 17,900 ke nan, kusan durom 90, a ɗan gidan nan kaɗai, cikin awa shida. Ba ramin duwatsun da zai shanye wannan.

Na ga yadda fuskar Inna ta sāke tun da aka fara tsawa. Duk wanda ya zauna Jidda a 2009 haka ya ke. A ranar Laraba 25 ga Nuwamba na shekarar nan, 8 ga Zulhajji 1430, alhazai na hanyar Mina, ruwa ya gangaro daga duwatsu ta kwaruruka ya sami an gina gidaje da tituna a kan hanyarsa. Unguwar Kuwaiza, wadda ke bakin Wadi Ƙausu, ita ta fi shan wuya. Fiye da mutum 120 suka rasu, motoci suka hau kan juna. Sarki Abdullahi ya sa aka kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Gwamnan Makka, Yarima Halidu Alfaisal, aka biya Riyal miliyan ɗaya ga iyalin kowane mamaci. A Janairu 2011 ruwa ya sake, bayan haka ne aka gina madatsai a bakin kwaruruka da manyan lambatu zuwa teku. Abin da Kawu ya so ya yi a tsakar gidansa, shi gari ya riga ya yi da faɗinsa.

Mu dai ruwa ya kai mana idon sawu a tsakar gida. Tsakuwa ta sha iyakar shanta, ramin duwatsu ya cika, saura ya bi rariya ya fita lungu. Bayyara ba ta yi ambaliya ba, rufinta bai motsa ba. Kusurwa ɗaya ta daɓen ta lotsa kamar yatsa uku, da gari ya waye jikokin Kawu suka cire bulon, suka ƙara yashi, suka mayar kafin Azahar.

Amma ruwa ya shiga ɗakin maƙwabci, ya jiƙa masa katifu da buhun shinkafa. Ya zo ƙofa ya na cewa daɓenmu ne ya jawo masa. Kawu ya ce lungun gaba ɗaya kogi ya zama, wa zai rarrabe ruwan wani da na wani? Da gardama ta yi tsawo sai suka ce malam ya raba. Na ce ruwan sama ne, ba na ƙazanta ba, kuma mafi yawansa daga bakin titi ya shigo, saboda haka ba ramuwa a kan Kawu ta fuskar hukunci. Amma rariyarmu ta na kallon ƙofarsa sak, kuma tsakar gidan da dā ke shan wani abu yanzu ba ta shan kamar dā, don haka wani kaso na ruwan namu ne, ko an ƙi ko an so. Na ba da shawara a karkata bakin rariyar, a kuma ɗaga masa dokin ƙofa da bulo ɗaya, Kawu ya sayi siminti, shi ya biya magini. Ba wanda ya ji daɗin hukuncin a cikinsu. Kawu ya ce ɗan 'yar'uwarsa ya ba da shi a gaban bare, maƙwabci ya ce shinkafarsa fa? Aka dai yi aikin. Har na baro su na gaisawa a masallaci, ba su koma shan shayi tare ba.

Mu ma a nan ba baƙin ruwa ba ne. Mutanen Ankara ba su manta da daren 3 ga Yuni 2015 ba, sa'ad da Odo ta cika ta haɗu da gobarar gidan mai a Sakul, mutum wajen 150 suka hallaka. Na Nima sun san babban lambatunsu, mu na Kumasi mun san abin da rafin Aboabo ke yi in damina ta kankama. Kuma yanzu duk wanda ɗansa ya aiko da kuɗi daga Turai ko Amurka, abin da ya kan fara shi ne shafe tsakar gida da tayil. Kakanninmu da tsakuwa da makuba su ke daɓe, mata su taru da madaɓi su na waƙa, kuma sun san inda za su bar wa ruwa hanya.

Abin da ya sa na tono wannan labari yanzu shi ne shawarar da aka yanke a taron da ya wuce, cewa za a tara kuɗi a zuba siminti a filin makarantarmu don yara su daina zama cikin ƙura. Ina goyon bayan wannan, na kuma ba da nawa. Amma dattawa sun sani, a bayan ajin ƙanana akwai tsohuwar salga wadda aka daina amfani da ita tun muna yara, aka rufe ta da katako da ƙasa, kuma wurin ya na cikin filin da aka auna. Yara fiye da sittin ke zama a gefen nan kowace safiya. Ina roƙon shugaban ƙungiya ya dakatar da sayen siminti har a duba. Dattawan da suka san inda bakinta ya ke, don Allah su zo ranar Asabar bayan La'asar su nuna mana, samari masu aikin gini kuma su zo da rodi guda da igiyar awo. Kada kowa ya kawo yaro.